Darasin Zumuntar Mata: Gwajin Jini da Tsare Jiki Kafin Ranar Tiyata

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi waɗansu 'yan makonni ne cikin rayuwar mace, wato tsakanin ranar da likita ya ce sai an yi mata aiki da ranar da za a tura ta ɗakin tiyata. An shirya shi domin a karanta a taron Zumuntar Mata, amma muna roƙon katikis na kowace majami'a ya karanta wa maza su ma, gama sau da yawa a hannun miji kuɗi suke, kuma shi ne asibiti zai ce wa ya nemo jini.

Aikin da muke nufi shi ne wanda ake sa wa rana: cire ƙari daga mahaifa, wanda kan sa mace zubar da jini mai yawa kowane wata har ta yi fari, cire mahaifar kanta idan ta lalace, gyaran mahaifar da ta zazzago, cire ƙullutu daga ma'ajiyar ƙwai, da ɗinkin yoyon fitsari. A nan birnin Sakkwato ana yin irin waɗannan ayyuka a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, inda akwai sashe na musamman domin masu yoyon fitsari. Tun daga farko sai mu rarrabe: abin da za mu faɗa bai shafi aikin gaggawa ba. Matar da cikinta ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, ko wadda naƙuda ta gagara, ko wadda jini ya ɓalle mata, ba a jira da ita, ko tana mura ko ba ta yi. A kai ta asibiti nan take.

Bishara ta hannun Markus, sura 5, ta ba mu labarin matar da ta shekara 12 tana zubar da jini, ta kuma ƙarar da abin hannunta wajen neman magani. Bisa ga Shari'ar Musa, a Littafin Firistoci sura 15, irin wannan mace ba ta da tsarki, shi ya sa ta ratso taro ta baya, a ɓoye. Abin lura shi ne Ubangiji bai bar ta ta sulale ba. Ya tsaya ya nemi wanda ya taɓa shi, har sai da ta fito ta yi bayani da bakinta, sa'an nan ya kira ta ɗiya, ya sallame ta. Kunya da tsoron da suka sa matar nan ɓoyewa suna nan tare da mu har yau, kuma su ne suka fi kome ɓata shirin tiyata. Mace takan ɓoye tarinta don kada a ɗaga mata rana. Takan guje wa gwajin jini don tsoron abin da za a gani, da abin da miji da dangi za su ce.

Mura da Maganin Barci

Bairos wata irin ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar jiki. Ita ke kawo mura, da ƙyanda, da ƙarambau, da korona, da zazzaɓin Lassa, da ciwon hanta iri-iri, da cuta mai karya garkuwar jiki. Kafson kashe bakteriya da ake saya a kemis ba ya taɓa ta ko kaɗan. Saboda haka matar da ta sha kafso kwana 3 da nufin ta kore mura kafin ranar aiki, kuɗinta kawai ta kora.

Mutumin Sakkwato ba ya ɗaukar mura ciwo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya sauko da hazo, da wuya a sami gidan da babu mai tari, kuma kowa yana fita neman abincinsa. Amma ga likitan da ke ba da maganin barci, mura babban abu ce. Idan za a yi babban aiki a ciki, yakan sa mace barci mai nauyi, ya zura bututu ta maƙogwaronta, na'ura ta riƙa yi mata numfashi. Hanyar iskar da bairos ya taɓa takan kumbura, ta cika da majina, ta kuma zama mai saurin tsukewa. Da bututun ya taɓa ta sai ta ƙanƙance, iska ta kasa wucewa zuwa huhu. Wannan saurin tsukewa yakan daɗe bayan murar ta wuce, ga waɗansu har makonni 6. Bayan aiki kuma ga wata matsalar. Matar da aka yanka a ciki tana jin zafin jan numfashi mai zurfi, sai majina ta kwanta a huhu ta zama nimoniya. In kuwa tarin ya fi ƙarfinta, kowane tari yana jan ɗinki. Ko wadda za a yi wa allurar baya kaɗai, wadda ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafa, tana cikin wannan lissafi, domin aiki yakan yi tsawo fiye da zato har a koma ga maganin barci. Ga mai yoyon fitsari kuwa abin ya fi nauyi, gama likitoci sun daɗe da sanin cewa ɗinki na farko shi ya fi samun nasara, kuma bai kamata a ɓata shi da gaggawa ba.

Annobar korona ta ba duniya hujjar wannan magana a rubuce. An tabbatar da shigowar cutar Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020. A cikin shekarar nan likitocin tiyata na ƙasashe 24 suka haɗa bayanan mutum 1,128 da aka yi wa aiki suna ɗauke da korona, mujallar likitoci ta Lancet kuma ta buga abin da suka gano: fiye da rabinsu huhu ya ba su matsala, kusan kashi 24 cikin 100 kuma sun rasu cikin kwana 30. Gaskiya ne yawancinsu aikin gaggawa aka yi musu, kuma a lokacin babu allurar rigakafi. A 2021 aka buga bincike na biyu, a kan mutum sama da 140,000 a ƙasashe 116. Waɗanda aka yi wa aiki cikin makonni 6 na farko bayan kamuwa, mace-macensu ya kai kusan kashi 4 cikin 100, alhali ga waɗanda ba su kamu ba kashi 1.5 ne. Waɗanda aka jira makonni 7 ko fiye, in dai alamun cutar sun ɓace, sun koma daidai da marasa cutar. Daga nan ne shawarar jiran makonni 7 ta fito. Da rigakafi ya yaɗu, cutar kuma ta yi sauƙi, sai ƙungiyoyin likitoci a Ingila suka sassauta a 2023: kada a yi aikin da ba na gaggawa ba cikin makonni 2 na farko, bayan haka likita ya auna hali. Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage matsayin gaggawa da ta ba annobar, asibitoci da yawa kuma suka daina gwada kowa da kowa, sai mai alamun ciwo. Ma'anar wannan ita ce, a yau likita ya fi dogara ga abin da mace ta faɗa masa da bakinta.

Mun san ɗaga rana yana da ciwo. An ci bashi, an sayar da akuya, an taso daga Illela ko Argungu ko Gusau, an nemo mai jinya, layi kuma yana da tsawo. Duk da haka, makonni 2 ko 4 na jira a gida sun fi arha nesa ba kusa ba a kan mako ɗaya a sashen masu tsananin ciwo. Ba kowane atishawa ke hana aiki ba, kuma ba mace ce za ta yanke wa kanta hukunci ta ƙi zuwa ba. Nata shi ne ta sanar da wuri. Idan ta ji zazzaɓi, ko tari mai majina, ko ciwon maƙogwaro, ko sarƙewar numfashi, ko gudawa, ko ƙuraje, ko idanunta suka yi rawaya, ta je ko ta buga waya tun kafin ranar kwanciya, domin a ba wata matar gurbinta, ita kuma a sa mata wata rana kusa. Inda ake zaton ciwon daji ne, jinkiri ma yana da nasa haɗari, likita ne zai auna biyun.

Makonni Biyu na Ƙarshe

Bairos yana kwanciya a jiki kafin ya nuna kansa. Mura takan ɗauki kwana 1 zuwa 4, korona har kwana 14, ƙarambau kwana 10 zuwa 21. Wato mace tana iya ɗaukar cuta ranar Lahadi, ta shiga ɗakin tiyata ranar Talata tana jin garau, zazzaɓi ya tashi ranar Laraba a kan sabon ɗinki. Dalilin da ya sa ke nan makonni 2 na ƙarshe suke bukatar tsaro.

A nan za mu taɓa abin da yake namu. Mu mutanen dubiya ne, kuma gaishe da mara lafiya aikin jinƙai ne da Ubangiji ya lissafa a Matiyu sura 25. Amma a duba yadda muke yi. Da an ji wata 'yar'uwa za ta shiga asibiti, sai mata 20 su cika ɗakinta da yamma, an rufe taga saboda sanyi, ana waƙa, ana runguma, ga goyo mai majina, ga wadda ta zo da tarinta don kada a ce ba ta da zumunci. Nufin yana da kyau, amma a ganinmu irin wannan ziyara ta fi dacewa da bayan an sallamo ta. Kafin aiki, Zumunta ta wakilta mata biyu masu lafiya, su zauna da ita a tsakar gida inda iska ke wucewa, su yi addu'a gajeruwa su tashi. Sauran su gaishe ta ta waya. Mai son nuna ƙauna ta je mata kasuwa, ta yi mata niƙa, ko ta ɗauke mata yaron da ke zazzaɓi zuwa gidanta na 'yan kwanaki.

Ita kanta mai jiran aiki ta haƙura da biki da suna da doguwar tafiya a cikin mota cike. Game da Misa ta Lahadi, koyarwar Ikkilisiya ita ce rashin lafiya yana ɗauke wajibci, kuma Fadan majami'a yana da ikon ba da sauƙi saboda dalili mai kyau. Ta yi masa magana, kada ta bar lamirinta ya dame ta. In za ta je Katidral na Iyali Mai Tsarki ko majami'ar unguwarsu, ta zauna kusa da ƙofa ko taga, ta sa takunkumi, lokacin gaisuwar salama kuma rusunawa ta isa. A gida, a riƙa wanke hannu da sabulu, kowa da kofinsa. Miji ko yaron da ke mura ya kwana a wani ɗaki. Idan ƙarambau ya shigo gida kuma ita ba ta taɓa yi ba, ta gaya wa likita ko da ba ta jin kome.

Akwai zazzaɓi guda da ɓoye shi ke kashe har masu jinya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969 bayan ya kashe nas-nas 'yan mishan, yana tashi da rani, ta hanyar fitsari da kashin ɓera a cikin abinci, sa'an nan ya bi jinin mara lafiya ya kama wani. A Janairu 2020 likitoci biyu suka rasu a Kano bayan sun kamu wajen kula da wata mai ciki da aka yi wa aiki. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, a faɗe shi.

Har ila yau, cikin waɗannan makonni kada mace ta bari wani ƙarfe ya huda fatarta a wajen asibiti: ƙahon wanzami, da tsagar magani, da almakashin masu yankan farce na yawo, da allurar mai kemis da ba a buɗe ta a gabanta ba. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a kan reza aƙalla kwana 7. Kuma cutar da ta shiga jini sabuwa ba ta fitowa nan da nan a gwaji. Gwajin gaggawa na cuta mai karya garkuwar jiki yana iya ɗaukar har wata 3 kafin ya nuna.

Gwajin Jini

Kafin aiki asibiti yakan duba yawan jini, da rukuninsa, da lafiyar ƙoda, da sukari. Galibi kuma yakan nemi a gwada ƙwayoyin cuta uku: ciwon hanta nau'in B, da nau'in C, da cuta mai karya garkuwar jiki. Waɗannan ukun ne ake tsoro. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi gida-gida a 2018 ya nuna cewa cikin manya a Nijeriya kashi 1.4 cikin 100 ke ɗauke da cuta mai karya garkuwa, Jihar Sakkwato kuma tana cikin jihohin da adadin ya fi ƙanƙanta; kashi 1.1 ke da ciwon hanta nau'in C. Amma nau'in B ya kai kashi 8.1, wato kusan mutum ɗaya cikin 12. A taron Zumunta mai mata 60, lissafi ya ce za a iya samun 4 ko 5, kuma yawancinsu ba su sani ba, domin cutar takan shekara da shekaru ba ta nuna alama.

Me ya haɗa hanta da tiyatar mahaifa? Hanta ce ke ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare a bakin rauni, ita ce kuma ke tace magungunan barci da na kashe zafi da yawa. Idan ta raunana, mace tana iya zubar da jini fiye da kima, ko magani ya daɗe a jikinta. Idan gwaji ya nuna ƙwayar, likita zai ƙara duba aikin hantar. In tana lafiya, aiki zai ci gaba, in tana cikin kumburi, a jira ta lafa. Nau'in C yana warkewa sarai ga fiye da kashi 95 cikin 100 da ƙwayoyin da ake sha makonni 8 zuwa 12. Nau'in B akwai maganin da ke danne shi ga mai bukata, akwai kuma rigakafi, wanda aka sa cikin alluran jarirai a ƙasar nan tun 2004.

Maigida, ga maganar da muke so ka riƙe. A ƙasashenmu yawancin masu ciwon hanta nau'in B sun same shi ne wajen haihuwa ko a ƙuruciya, daga uwa, ko daga askar aski da kaciya da tsaga, ko wajen wasa da yara masu rauni. Jaririn da ya kamu, sau 9 cikin 10 cutar takan zauna masa har girma. Babban da ya kamu kuwa, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zama wa. Saboda haka takardar da ta nuna matarka tana ɗauke da ƙwayar ba shaidar zina ba ce, kuma mai zarginta a kan wannan ya yi mata ƙazafi. Abin da ya wajaba a kanka shi ne ka je a gwada ka tare da yara, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi.

Cuta mai karya garkuwar jiki ita ma ba ta hana aiki. Matar da ke shan maganinta kullum, ƙwayar ta kwanta, garkuwarta ta farfaɗo, raunin tiyatarta yakan warke kamar na kowa, kuma ana ba da maganin kyauta a asibitocin gwamnati. Haɗarin yana kan wadda ba ta sani ba, ko wadda ta sani ta ɓoye, domin rauninta yana iya ruɓewa, likita kuma yana iya ba ta maganin da ba ya jituwa da wanda take sha. Mai shan magani ta tafi da kwalbarta asibiti, kada ta tsallake ko rana ɗaya sai da umarnin likita. Haƙƙin mace ne a yi mata bayani kafin a ɗebi jininta, a kuma gaya mata sakamako ita kaɗai. Dokar tarayya ta 2014 ta haramta nuna wa masu wannan cuta bambanci da fallasa asirinsu. Mu ma muna da tamu dokar da ta girmi wannan, wato Doka ta Takwas, wadda ta hana ɓata sunan maƙwabci ko da abin da aka faɗa gaskiya ne. Kada wata ta tambayi 'yar'uwa abin da gwajinta ya nuna, kada kuma a mai da roƙon addu'a hanyar baza labari.

Gwajin yana kāre masu aiki su ma. Idan allurar da ta taɓa jinin mai cuta ta soki likita ko nas da ba shi da rigakafi, yiwuwar kamuwa da nau'in B tana iya kaiwa kashi 30 cikin 100, nau'in C kimanin kashi 2, cuta mai karya garkuwa kuwa kimanin 3 cikin 1,000. An koya musu su ɗauki kowane jini da hattara, amma sanin gaskiya yana sa a ba wanda ya soku magani cikin sa'o'i kaɗan. Kada a yi fushi idan asibiti ya ƙi karɓar tsohuwar takarda ko ta wani ɗakin gwaji da bai sani ba, ya ce a sake.

Jini da Sakramenti

Aikin ƙarin mahaifa yana cin jini, matar kuma sau da yawa ta riga ta yi ƙarancinsa, shi ya sa asibiti yakan ce a ajiye leda ɗaya ko biyu ko fiye. Ana tantance kowace leda, amma tun da sabuwar cuta tana iya kuɓuce wa gwaji, jinin mai bayarwa don Allah, wanda ba shi da dalilin ɓoye tarihinsa, ya fi aminci a kan na mai sayarwa a bakin ƙofar asibiti. Ga aikin da ya dace da ƙungiyar maza da ta matasa: a san masu lafiya da ke shirye su bayar, su je kwanaki kafin aiki, ba da safiyar ranar ba. Wanda aka gwada aka ce jininsa ba zai yi ba, kada kowa ya tambaye shi dalili. Ƙarancin jini kaɗai ma yana hana mutum bayarwa.

Waɗansu mata sukan damu ko cire mahaifa zunubi ne. A 1993 ofishin Roma mai kula da koyarwar bangaskiya ya amsa cewa idan mahaifa ta lalace har ta zama haɗari ga rai ko lafiyar mace, cire ta halal ne, domin magani ake nufi, ko da ba za a ƙara haihuwa ba. Katikisim na Ikkilisiya Katolika, lamba 1515, ya kuma koyar cewa ya dace mutum ya karɓi Shafan Mai na Marasa Lafiya kafin babbar tiyata. Ba sai ga mai baƙin mutuwa ba ne. A sanar da Fada mako guda kafin ranar kwanciya, domin ya zo gida da Sakramentin Tuba da Shafan Mai da Jibin Ubangiji. A ajiye masa ruwa da sabulu a bakin ƙofa. In shi ma yana mura a makon, a roƙe shi ya aiko wani Fadan.